Wa Ake Karramawa? Ƙungiyoyin Hidima a Ƙasar Makiyayan Teksas





An nemi in yi magana a kan ƙungiyoyin sa-kai da yadda suke karrama 'ya'yansu. Na zaɓi in kai ku nesa, can yammacin jihar Teksas ta Amurka, ƙasar shanu da shingen waya. Dalilina shi ne mutane sun yi ƙaranci a can ƙwarai, har ba a iya ɓoye wanda ya yi aiki da wanda ya zo ɗaukar hoto. A babban birni ƙungiya tana iya daɗewa tana cin albarkacin sunanta. A garin da jama'arsa ba su cika dubu biyu ba, in mutum goma suka gaji, to ƙungiya ta mutu ke nan. Saboda haka wanda za a yaba wa, da abin da za a yaba masa a kai, magana ce babba a wurinsu.

Bari mu fara da ƙasar kanta. Faɗin Teksas ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na faɗin Nijeriya. Tana da gundumomi 254 da shanu kimanin miliyan 12, fiye da kowace jiha a Amurka. Amma yammacinta busasshe ne, a wasu wuraren saniya ɗaya da ɗanta sai sun sami hekta goma ko fiye kafin su ƙoshi shekara. Shi ya sa gandayen kiwo suke da faɗi, gidaje kuma suke nesa da juna. Gundumar King, inda shahararren gandun nan na Four Sixes yake, ta haura murabba'in kilomita 2,000, amma ƙidayar 2020 mutum 265 ta samu a cikinta. A gundumar Loving mutum 64 aka ƙirga. Ku yi tunanin haihuwa ta zo da dare a irin wannan wuri, ko gobara ta tashi, ko ƙaho ya huda yaro.

Tun kafin a zo da ƙungiya mai kundin tsari, makiyayan suna da al'adar maƙwabtaka. Wajen watannin Afrilu da Mayu, idan lokacin sa wa maruƙa shaida ya yi, mai garke ba ya iyawa shi kaɗai. Maƙwabta kan zo da dawakansu da igiyoyinsu, a kama, a kayar, a ɗana ƙarfe mai zafi, a yi allurar rigakafi, a dandaƙe na dandaƙewa. Ba a biyan kowa. Gidan da aka yi wa aiki shi ke ciyarwa, mako mai zuwa kuma a koma gidan wani. Gayya ce kamar yadda muka san ta, har da hukuncinta: wanda ya saba noƙewa, ranar tasa ba zai ga kowa ba. Da satar shanu ta ishe su, makiyaya kimanin 40 suka taru a garin Graham a 1877 suka kafa ƙungiyar masu kiwon shanu, wadda har yau take da jami'anta masu bin sawun ɓarayin dabbobi.

A kan wannan tushe ƙungiyoyin hidima na birni suka zo suka zauna. Lauya Paul Harris ne ya kafa Rotary a Shikago a 1905. A birnin dai, wani mai sana'ar inshora, Melvin Jones, haifaffen Arizona, ya kafa Lions a 1917, kuma babban taronta na farko a Dallas ta Teksas aka yi shi, a watan Oktoban shekarar. Da farko majalisun 'yan kasuwar birni ne. Da suka gangara ƙauyukan kiwo sai suka tarar da mutanen da ba sa bukatar a koya musu taimakon juna. Abin da suka ƙara musu shi ne tsari: rana tsayayya, ma'aji, sakatare, da littafin da ake rubuta wanda ya zo.

Taron kansa ba wani abin kallo ba ne. Rana ɗaya a mako, yawanci da tsakar rana, a bayan wani gidan abinci ko zauren coci. A kaɗa ƙararrawa, a yi addu'a, a ci abinci, wani ya yi jawabi na 'yan mintoci, wataƙila likitan dabbobi a kan wata cuta, ko shugaban makaranta a kan rufin aji da ke yoyo. A Lions akwai jami'in da aikinsa shi ne cin mutane tarar 'yan kuɗi kaɗan cikin raha, wanda ya makara, wanda ya manta bajonsa, wanda hotonsa ya fito a jarida. Tsohuwar dokar Rotary kuwa ita ce a ɗauki mutum ɗaya daga kowace sana'a. A ƙaramin gari wannan doka ta sa manajan banki da mai sayar da abincin dabbobi da malamin gona da mai kantin magani da limamin coci suka riƙa cin abinci a tebur ɗaya kowane mako. Matsalar da za ta yi wata uku tana yawo a ofisoshi takan ƙare kafin a kwashe kwanuka.

Aikin da suke yi ma yawancinsa ba mai jan hankali ba ne. A 1925 Helen Keller, wadda makauniya ce kuma kurma, ta tsaya a gaban babban taron Lions a jihar Ohio ta roƙe su su ɗauki lamarin makafi. Tun daga lokacin ido ya zama aikinsu: gwajin idon 'yan makaranta, sayen tabarau ga yaron da iyayensa ba su da hali, tara tsofaffin tabarau a kwali a ƙofar banki ko gidan waya. A garin Midland akwai cibiyarsu inda ake wanke waɗannan tabarau, a auna ƙarfinsu, a aika wa mabukata. A Kerrville, yankin tuddai mai tumaki da awaki, suna da sansanin hutu na yara masu naƙasa. Annobar shan inna ce ta sa aka kafa shi a 1949, ya karɓi yara na farko a 1953, yau har da masu ciwon sukari, kuma iyaye ba sa biyan ko sisi. Reshen ƙauye shi ke nemo yaron, ya cike masa takardu, sau da yawa wani daga cikinsu ya ɗauke shi a motarsa ya yi tafiyar sa'o'i ya kai shi.

Kuɗin fa? Daga gumi yake fitowa. Reshen Lions na Lubbock tun 1952 yake yin bikin soya wainar fulawa irin tasu sau ɗaya a shekara, jama'a su sayi tikiti su ci. Ƙananan rassa su sayar da gasasshen nama a filin wasan kaboyi, ko su tsare ƙofar filin baje kolin dabbobi. Wannan baje koli yana da daraja a wurinsu. Yaran ƙungiyoyin matasan manoma na 4-H da FFA kan yi watanni suna kiwon ɗan maraƙi ko rago ko akuya, a ranar gwanjo kuma 'yan kasuwar gari da ƙungiyoyi su haɗa kuɗi su saya a farashin da ya fi na kasuwa, da gangan, don yaron ya sami abin shiga jami'a. A Dalhart, inda ake tunawa da gandun XIT, wanda faɗinsa ya kai eka miliyan 3 da jihar ta bayar a madadin gina mata majalisar dokoki a Austin, duk watan Agusta 'yan sa-kai ke gasa nama su ciyar da dubban mutane kyauta.

Ranar da ake gane amfanin wannan zama na mako-mako ita ce ranar masifa. A ƙarshen Fabrairun 2024 wutar daji da ake kira Smokehouse Creek ta tashi a arewacin jihar, iska ta kora ta, ta cinye fiye da eka miliyan ɗaya, wato sama da hekta 400,000, har ta tsallaka Oklahoma. Ba a taɓa ganin irinta a tarihin Teksas ba. Mutane sun rasu, gidaje sun ƙone a garuruwa irin su Canadian da Stinnett, dubban shanu sun mutu, waɗanda suka tsira kuma ba ciyawa ba shinge. Mafi yawan rundunonin kwana-kwana a Teksas na sa-kai ne, ma'ana wanda ya tari wutar nan makaniki ne ko malamin makaranta ko makiyayin da nasa garken ma yake cikin haɗari. Bayan ta lafa, manyan motoci suka riƙa shigowa da damman ingirici da wayar shinge daga wasu jihohi. Kayan agaji ba ya raba kansa. Sai an sami mutanen da suka san wane ne ya rasa komai amma kunya ba za ta bar shi ya tambaya ba, kuma wannan sani a teburin cin abincin nan ake tara shi shekara da shekaru.

To yanzu ga maganar da ta tara mu. Sau ɗaya a shekara, galibi lokacin miƙa ragama ga sababbin shugabanni wajen ƙarshen Yuni, reshe kan yi liyafar dare a gayyato iyalai, a ba da lambobin yabo. In kuka duba da kyau, lambobin nan iri biyu ne, kuma ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Iri na farko yana auna shekaru da halarta. A Lions, wanda ya cika shekara 10 ana ba shi wata 'yar alama da zai maƙala a bajonsa, daga nan duk bayan shekara biyar a ƙara masa. A Rotary an daɗe ana yaba wa wanda bai taɓa fashin taro ba, kuma in tafiya ta kama mutum sai ya halarci taron wani reshe a garin da ya sauka, a rubuta masa shaida ya kawo gida. Wani zai ce mene ne abin yabo a zuwa cin abinci? A ƙasar da mutum zai bar shanu, ya yi tafiyar kilomita hamsin a kan hanyar burji, ya koma ya ci gaba da aiki, kuma ya yi haka shekara talatin, zuwan nan shi ne gadon bayan ƙungiya. Wannan lamba ba ta da tsada, ƙarfe ne ɗan mitsitsi. Amma attajiri ba ya iya sayenta, kuma ba a samunta da wuri.

Iri na biyu yana auna kuɗi. A 1957 Rotary ta ƙirƙiro karramawa da sunan Paul Harris ga wanda aka ba gidauniyarta dala 1,000 da sunansa. In aka ƙara wata dubun sai a ƙara wa bajon dutse mai shuɗi, in aka ci gaba a koma jan dutse. Lions ta yi makamanciyarta da sunan Melvin Jones a 1973, ita ma dala 1,000. Ba na raina wannan. Da irin kuɗin nan ake yi wa makafi aikin ido, ake sayen maganin rigakafi. Amma mu faɗi gaskiya, duwatsun da ke ƙirjin mutum aljihunsa suke ƙirgawa, kuma mai rijiyar mai a gandunsa zai iya jera su a rana ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar da rassa da yawa suka yi wa wannan iri na biyu. Dokar ta yarda a ba da kuɗin da sunan wani. Sai reshe ya tara dala dubun daga ribar gasa nama da tarar 'yan makara, ya aika wa gidauniya, ya rubuta sunan mutumin da ba zai taɓa iya biya da kansa ba: wanda ke zuwa da asuba ya hura wuta, wanda ke wanke tukwane bayan kowa ya watse, ma'ajin da ya riƙe littafi shekara ashirin ba a taɓa samun gibi ba. Ba a gaya masa. Sai a daren liyafa mai gabatarwa ya fara lissafa ayyuka ba tare da kama suna ba, har mutumin ya gane da shi ake. Kuɗin ya tafi inda ake bukatarsa, yabon ya sauka a kan wanda ya cancanta, kuma hannun kowa yana ciki. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. Ga tukuicin da jama'a ta haɗa da guminta.

Ina ganin darajar wannan ta wuce faranta ran dattijo ɗaya. A ɗakin akwai matasa suna kallo. Duk abin da aka tashi tsaye aka tafa wa a daren, shi za su ɗauka a matsayin hanyar samun mutunci a garinsu. Ƙungiya na iya rubuta manufofi masu daɗi a kundinta, amma sunayen da ta kira a daren karramawa su ne ainihin abin da take koyarwa.

Sai dai labarin yana da ɓangaren da bai kamata a tsallake ba. Shekaru masu yawa waɗanda suka fi kowa wahala ba su cikin littafin ma, balle a yaba musu. Mata su ke dafa abincin liyafa, su ke sayar da tikiti, amma ba a ɗaukarsu 'yan ƙungiya. Matan makiyaya sun kafa tasu, Cowbelles, a garin Douglas na Arizona a 1939. Sai da reshen Rotary na Duarte a Kalifoniya ya ɗauki mata, uwar ƙungiya ta kore shi, aka je har Kotun Ƙolin Amurka, ta yanke hukunci a watan Mayun 1987 cewa ba a hana su. A shekarar ce Lions ma ta buɗe musu ƙofa. Mace ba ta shugabanci Lions ta duniya ba sai 2018, Rotary kuwa sai 2022.

Haka nan 'yan asalin Meziko, waɗanda daga wurinsu aka koyi yawancin fasahar kiwo a kan doki. Richard King, wanda ya kafa gandun King a 1853, daga wani ƙauyen Meziko ya kwaso iyalan da suka riƙe masa garke, zuriyarsu kuma ta ci gaba da aikin. Amma a garuruwa da dama na Teksas an daɗe ana nuna musu wariya a makaranta da gidan abinci, har da maƙabarta. Dole ta sa suka kafa nasu ƙungiyoyin, irin su LULAC a Corpus Christi a 1929. Ko da babu dokar hani, taron tsakar rana da kuɗin wata sun isa su tace mutane. Mai gandu yana iya barin aiki ya zo, yaron gandu ba ya iyawa. Duk ƙungiyar da take alfahari da adalcin lambobinta, ta fara duba wanda lokacin taronta ya hana shi shigowa.

Yau rassan nan suna tsufa. Marubuci Robert Putnam ya nuna a littafinsa na shekarar 2000 yadda shiga ƙungiyoyi ya ja baya a Amurka tun shekarun 1960. A ƙasar kiwo abin ya fi tsanani, domin yara suna tafiya Amarillo da Lubbock da Dallas ba su dawowa, matsakaicin shekarun manomin Amurka kuma ya kai 58. Uwayen ƙungiyoyin sun sassauta. Rotary a 2016 ta bar wa rassa su rage yawan taro su tsara shi yadda ya dace da su. Lions tana neman mutum 20 kafin ta ba da lasisin sabon reshe, amma ta yarda mutum biyar su zama ƙaramin reshe a ƙarƙashin wani. Haɗarin da nake hange a irin wannan lokaci shi ne tsoron rasa mutane ya sa a riƙa raba lamba ga kowa don kada wani ya ji haushi. Ranar da kowa ya fita da allon yabo, an ƙwace wa dattijon nan mai hura wuta abin da ya yi shekara talatin yana tarawa.

Kada ku ɗauka labarin nan bai taɓa mu ba. Reshen Rotary na farko a Nijeriya a Kano aka kafa shi, a 1961. Daga wannan reshe ne lauya Jonathan Majiyagbe ya fito ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci Rotary ta duniya, a 2003. Shirin yaƙi da shan inna da ƙungiyar ta fara a 1985 ya ci kuɗin da rassa a duk duniya suka tara, ciki har da na ƙauyukan kiwon da nake ba ku labari. Wani ɗigon maganin da aka ɗiga wa yaro a Bichi ko Gaya, da kuɗin gasasshen naman Teksas a cikinsa. A ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. An yaba wa shugabanni da likitoci da sarakuna, kuma sun cancanta. Amma waɗanda suka bi gida-gida da akwatin sanyi a cikin rana yawancinsu mata ne masu karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma a watan Fabrairun 2013 an harbe tara daga cikin ma'aikatan rigakafin nan a Kano. Allah ya jiƙansu. Mu nawa ne a ɗakin nan za mu iya faɗin sunan ko ɗaya daga cikinsu?

Ku dubi bukukuwan karramawar da ƙungiyoyinmu na ci gaban gari da na tsofaffin ɗalibai suke yi. Sau da yawa akan fara da tambayar wa zai ba da kuɗi mai kauri, sannan a nemo sunan lambar da za ta dace da shi. Babban baƙo ya zo a makare, a miƙa masa allo, ya yi alkawari, ya tafi. Wanda ya jera kujerun yana tsaye a baya. Ga mai haƙa kabari da ba ya karɓar ko kwabo, ga ɗan agajin da ke kwana a asibiti da mara lafiyar da bai sani ba, ga unguwarzoma, ga direban da duk unguwa ke buga wa ƙofa da tsakar dare. Ban ce a daina gode wa mai kuɗi ba. A gode masa da sunan kyautarsa, a fili, kada a kira ta da sunan hidimar da bai yi ba. Kuma idan attajirin nan mutumin kirki ne, a roƙe shi ya ba da kuɗin da sunan ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah, shi ya miƙa musu allon da hannunsa.

Ga sakatarorin da ke nan, aikin daga hannunku zai fara. Makiyayan Teksas suna iya ba da lambar shekara talatin ne saboda wani ya zauna yana rubuta sunaye shekara talatin. Ku sayi littafi mai kauri, ku rubuta wanda ya zo taro, da wanda ya fito ranar yashe kwata, da wanda ya raka mara lafiya, da kwanan wata. Idan shugaba ya sauka, littafin ya zauna a ƙungiya, kada ya bi shi gida. Badi kuma, kafin kwamitin karramawa ya ambaci sunan kowa, a ajiye masa littafin nan a gabansa ya karanta shi tun daga shafin farko.